Na'urar CPAP tana aiki amma ina tashi a gajiye: in ƙara mata ƙarfin iska ko in bari?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san na'urar taimaka wa numfashi a lokacin barci, wadda ake kira CPAP. An yi mini gwajin barci a wani asibiti a Abuja, sakamakon ya nuna cewa numfashina yana tsayawa ko ya ragu sau 38 a kowace awa, likitan kuma ya ce wannan shi ne tushen minsharin da iyali suke kuka da shi da gyangyaɗin da yake kama ni a ofis da rana tsaka. Ƙanena da ke Ingila ya aiko mini da ResMed AirSense 10, irin wadda take daidaita ƙarfin iskarta da kanta, kuma an bar ƙarfin iskar a tsakanin lamba 4 zuwa 20 kamar yadda ta fito daga kamfani.

Yau 'yan makonni ke nan ina sanya ta, amma ban ga canjin da aka yi mini alkawari ba. Da na kwanta sai in ji iskar ba ta ishe ni ba. Can cikin dare kuma sai ta yi ƙarfi har ta riƙa fita ta gefen hanci tana hura mini ido, in farka maƙogwaro a bushe ƙamas. Da safe allon yana nuna jar fuska a wurin zaman takunkumi (abin da nake ɗaurawa a fuska iskar ta shigo ta cikinsa), adadin tsayawar numfashi 8 ko 9 a awa, yoyon iska lita 41 a minti, ƙarfin iska kuma ya kai 13.6. Wani maƙwabcina ya nuna mini yadda ake shiga ɓoyayyen shafin saitin, ya ce in ɗaure ta a kan 16 in huta. Ban taɓa kome ba tukuna, na ce sai na ji ta bakinku.

Malamin Jinya, Bolari:
Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah Ya ƙara sauƙi. Ka yi daidai da ka dakata. Da farko, wannan na'ura ba iskar oksijin take bayarwa ba, domin mutane da yawa suna haɗa ta da wadda ake sanya wa marasa lafiya a asibiti. Iskar ɗakinka ce take zuƙa ta gefe, ta tace ta, sannan ta turo ta da ɗan matsi domin ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Idan mutum ya yi barci, tsokokin harshe da na ganɗa suna saki, a wurin wasu kuma sai su faɗa baya su toshe hanyar iska gaba ɗaya. Toshewar da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye ita ake ƙirgawa, tare da raguwar numfashi da take sa oksijin ya sauka a jini. Ƙwaƙwalwa tana farkar da mutum kaɗan domin ya buɗe hanyar, shi bai ma san ya farka ba, sai dai ya wayi gari a gajiye. Adadin waɗannan a awa guda shi ne AHI: ƙasa da 5 lafiya ne, 5 zuwa 15 mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. Saukowa daga 38 zuwa 8 ci gaba ne, sai dai ba a kai inda ake so ba.

Lambar da ta fi ɗaukar hankalina a bayaninka ita ce 41. Na'urorin ResMed suna ɗaukar yoyon da ya wuce lita 24 a minti a matsayin mai yawa, kuma idan ya kai haka na'urar ba ta iya karanta numfashinka daidai, saboda haka ko AHI ɗin da take nuna maka ba abin dogaro ba ne sosai. Ƙara ƙarfi a kan takunkumin da yake yoyo tamkar ƙara wa tayar da ƙusa ta huda iska ne. Wane irin takunkumi kake sanyawa, kuma kana da gemu?

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Na gode, Malam. Wanda yake rufe hanci da baki ne gaba ɗaya, shi ya zo cikin kwalin. Gemu kuwa akwai shi cikakke da saje, kuma ba ni da niyyar aske shi. Ina ɗaure maɗauran tamau har sukan bar mini shaida a karan hanci, amma duk da haka iskar tana fita.

Dattijo daga Kumo:
Alhaji, babu wanda zai ce ka aske gemunka, ni ma da nawa nake kwana da wannan na'ura shekara da shekaru. Takunkumin hanci da baki yana zama ne a kan haɓa da kumatu, wato daidai inda gashi yake, robar ba za ta taɓa manne wa fata ba. Ɗaure shi tamau yana ƙara ɓata lamarin, domin an yi bakin robar ne ya kumbura da iska ya rufe da kansa, idan ka matse shi sai ya lanƙwashe ya buɗe kafa. Ka nemi ƙaramin nan mai 'yan matasai biyu da suke zama a ƙofar hanci, wanda babu ruwansa da gemu. Idan bakinka yana buɗewa cikin barci, akwai maɗaurin haɓa da ake zagayawa ta saman kai. Idan ka canza, ka shiga saitin ka gaya wa na'urar irin takunkumin da ka koma, domin da shi take lissafin yoyo. Kuma ka gwada shi a kwance yadda kake barci, na'urar tana kunne, ba a zaune gaban madubi ba.

Game da ƙarancin iska a farkon dare, ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Lamba 4 ita ce mafi ƙanƙanta da na'urar take iya bayarwa, kuma ba ta isar babban mutum mai faɗin ƙirji. Barin ta a kan 4 zuwa 20 ba saiti ba ne, rashin saiti ne. Na'urar tana jira sai hanya ta fara toshewa kafin ta hau, ta hau a hankali, sannan ta sake saukowa ka sake toshewa, haka za a kwana ana yi. Ni da kaina na ɗaga ƙasan tawa, kuma tun ranar na san daɗin barci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ɗaga ƙasan zuwa 8, ka ƙyale maganar 16 ta maƙwabcinka.

Likita daga Bauchi:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Duk abin da ka faɗa a kan takunkumi na yarda da shi, kuma gaskiya ne cewa 4 ba ta isar yawancin manya. Inda na saɓa maka shi ne ba wa mutum lamba alhali ba mu ga abin da yake cikin 8 ɗin nan nasa ba. Tsayawar numfashi iri biyu ce. Akwai ta toshewa, inda ƙirji yake ta ƙoƙarin zuƙar iska amma hanya a rufe take, wannan ita ce ƙarin matsi yake magancewa. Akwai kuma wadda hanya take a buɗe amma ƙwaƙwalwa ba ta aiko da umurnin numfasawa ba. Wannan ta biyu matsi ba ya gyara ta, hasali ma yana iya ƙara ta, domin idan mutum yana fitar da iska mai yawa, iskar kabon da take tunzura shi ya numfasa tana raguwa a jini, sai jiki ya ɗan dakata. Wasu suna samun irin wannan a farkon fara amfani da na'ura, yawanci kuma takan lafa da kanta cikin makonni ko 'yan watanni. Amma ana ganinta kuma ga mai raunin zuciya, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, da mai shan magunguna irin su tramadol da kodin. Idan rabin adadin Alhaji daga wannan ɓangaren yake, kai shi 16 zai sa ya tashi da lamba mafi muni, ga cikinsa cike da iska.

Na'urar tana rarrabe su. AirSense 10 tana tura 'yar girgizar iska idan numfashi ya tsaya domin ta gane ko hanya a buɗe take, sannan ta rubuta kowanne a gurbinsa. Don haka Alhaji ya fara da gyara yoyo, sannan ya kawo mana rabe-raben. Abubuwan da aka bar wa mai na'ura ya juya da kansa su ne lokacin hauhawar iska a farkon dare, da yawan laima, da irin takunkumi. Alhaji, ka duba na farkon: idan an saka shi minti 45, na'urar za ta riƙe ka a ƙasa tsawon wannan lokaci ko da kana buƙatar fiye, kuma kashe shi ko rage shi ba ya buƙatar izinin kowa. Ƙasa da saman matsi kuwa takardar magani ce, kamar adadin ƙwayar hawan jini.

Dattijo daga Kumo:
Likita bokan Turai, na ji ka, kuma ban raina iliminka ba. Amma ka faɗa mini gaskiya, mutumin da yake Kumo ko Dukku ko Bajoga, wa zai kai wa wannan na'ura ya duba masa? Mutum ya bar sana'arsa, ya biya kuɗin mota zuwa Abuja ko Kano da kuɗin masauki, domin a danna masa maɓalli sau uku? Abin da yake faruwa a zahiri shi ne mutum ya gaji ya mayar da ita cikin kwali ya tura ƙarƙashin gado, minshari ya dawo, hawan jini ya ci gaba. Na san gidajen da haka ta faru. A ganina haɗarin ajiye na'urar ya fi haɗarin ɗaga ta daga 4 zuwa 8 nesa ba kusa ba.

Likita daga Bauchi:
Baba, a kan wannan ba mu da saɓani, na'urar da take ƙarƙashin gado ba ta yi wa kowa magani. Ba kuma cewa nake a yi tafiya domin danna maɓalli ba. A gefen na'urar akwai katin memori da yake adana numfashin kowane dare, akwai kuma manhaja ta kyauta mai suna OSCAR da ake sanyawa a kwamfuta ta zana shi dalla-dalla: lokacin da yoyo ya fara, lokacin da matsi ya hau, da irin tsayawar da aka samu a kowane minti. Ɗan Alhaji zai iya ɗaukar hoton shafin ya tura wa likitan da ya yi gwajin ta waya, shi kuma ya ce a ɗaga kaza, Alhaji ya danna da hannunsa a ɗakinsa. Wanda ba shi da likitan da yake bibiyarsa, ya nemi sashen cututtukan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a nan Bauchi, ya tafi da katin da takardar gwajinsa.

Dalilin da ya sa nake tsanantawa shi ne ko mu likitoci abin ya taɓa ba mu mamaki. Akwai wata na'ura mai wayo da ake kira ASV, wadda aka ƙera domin tsayawar numfashi ta ɓangaren ƙwaƙwalwa, kowa yana ganin za ta taimaki masu raunin zuciya. Babban binciken SERVE-HF da aka wallafa a 2015 ya nuna mace-mace sun ƙaru a tsakanin waɗanda ƙarfin bugun zuciyarsu ya yi ƙasa sosai idan aka ɗora su a kanta, shi ya sa yanzu ake auna zuciya kafin a ba da ita. CPAP ta yau da kullum ba ta da wannan matsala, tun da Colin Sullivan ya wallafa sakamakon marasa lafiya biyar na farko daga birnin Sidni na Ostareliya a 1981 ake amfani da ita lafiya. Amma ko a wancan lokacin, zama aka yi a gefen gadon mara lafiya ana ƙara matsi kaɗan-kaɗan ana kallon numfashinsa har toshewar ta tsaya. Katin memori shi ne ya maye gurbin wannan zaman.

Uwargida, Pantami:
Salamu alaikum. Maigidana yana amfani da irin wannan na'ura, ni ce kuma mai kula da tsabtarta, don haka bari in ce wani abu a kan bushewar maƙogwaro da Alhaji ya ambata. Ba duka laifin yoyo ba ne, musamman yanzu da hunturu ya shigo. Tankin ruwan da yake gefe yana ɗumama ruwa ne domin iskar ta ɗauki laima, lambobinsa daga 1 zuwa 8. Da damina muna barin namu a ƙasa, domin idan ya yi yawa ruwa yana taruwa a cikin tiyo ya riƙa ƙara yana ɗiga a fuska. Da hunturu kuwa muna ɗagawa, har wani lokaci tankin ya ƙafe kafin asuba. Na'urar ta zauna ƙasa da kan mai barci, domin ruwan da ya taru ya koma tanki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yar farar audugar da take tace iska a gefe. Littafin na'urar ya ce a canza ta aƙalla duk wata shida, amma wanda ya rubuta bai san ƙurar Gombe ba. A watan Janairu, kafin wata ya ƙare ta koma ja kamar an turmusa ta a ƙasa, kuma ba a wanke ta, canzawa ake yi. Na kuma daina turaren wuta a ɗakin idan dare ya yi, haka maganin sauro mai hayaƙi, tun da duk abin da yake cikin iskar ɗakin hancinsa za a tura wa. Gidan sauro muke sakawa, mu shigo da tiyon ta ƙarƙashinsa mu soke sauran a katifa. Ina da tambaya biyu ga Malam da Likita. Wani ya ce mana ruwan batir da ake sayarwa a tasha shi ne tataccen ruwan da ake nufi, shin haka ne? Na biyu, idan Maigida ya dawo daga masallaci da asuba yakan koma barci ba tare da takunkumin ba, yana cewa ai na ɗan lokaci ne, ni kuwa a lokacin nake jin minsharin ya fi na kowane lokaci.

Malamin Jinya, Bolari:
Hajiya, kada ki kuskura ki zuba ruwan batir na tasha. Babu tabbacin yadda aka yi shi ko abin da jarkar ta taɓa ɗauka, wani ma a gauraye yake da asid. Tataccen ruwa na kantin magani shi ya fi. Idan babu, ruwan sha mai tsabta da aka tafasa ya huce zai yi, sai dai tafasawa ba ta cire gishirin da yake cikin ruwa, za ki ga farin dasashi yana kama gindin tankin, musamman idan na rijiyar burtsatse ne. Ana jiƙa shi da ɗan ruwan khal da aka sirka da ruwa, a ɗauraye sosai. A zubar da ragowar ruwan kowace safiya, a bar tankin ya bushe. Kada a ɗiga turare ko man zafi a ciki, kuma kada a shafa basilin a fuska kafin a sanya takunkumi, domin maiƙo yana hana robar kamawa yana kuma lalata ta.

Tambayarki ta biyu ta fi muhimmanci. Barcin da ake yin mafarki a cikinsa ya fi yawa a ƙarshen dare, kuma a cikinsa ne tsokoki suka fi saki, toshewar ta fi tsawo, oksijin ya fi sauka. Abin da kunnenki yake ji gaskiya ne. Duk lokacin da zai rufe ido, bayan asuba ne, ko ƙailula, ko bayan sahur da azumi, ya mayar da takunkumin. Awa huɗu a dare da ake yawan ambata ma'auni ne da masu inshorar lafiya a Amurka suke amfani da shi domin su ci gaba da biyan kuɗin na'ura, ba wai daga nan mutum ya gama buƙata ba.

Mai Haɗa Sola, Jekadafari:
Ranku ya daɗe, babu wanda ya taɓo maganar wuta, alhali ita take raba mutane da wannan na'ura a garin nan. Abin da yake ba ta wuta an rubuta masa wat 90 da bolt 24, amma injin hura iskar kaɗai ba ya cin ko kusa da haka, abin ɗumama ruwa da tiyo mai ɗumi su ne masu cin wuta. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1200 na awa guda, idan mai ruwa ne rabi ake ci domin ya yi ƙarko, kuma wannan rabin yana kai mutum safiya cikin kwanciyar hankali, balle idan an kashe ɗumama ruwan. Akwai wayar da kamfanin yake yi wadda take haɗa na'urar da batir kai tsaye, ta fi inbata tattali. Wanda zai kunna janareta ya kai shi nesa da taga, domin na'urar za ta zuƙi hayaƙin ta kai masa har huhu yana barci. Sannan an ƙayyade mata aiki ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba, don haka a watan Maris da Afrilu kada a tura ta lungu ko a lulluɓe ta da zane.

Wani abokin cinikina ya taɓa nuna mini takunkuminsa ya liƙe ƙananan hujojin gaba da salatif, wai iska tana zurarewa ta nan. Na ce masa ya tambayi masana, ga su kuwa a nan.

Malamin Jinya, Bolari:
Ya cire salatif ɗin yau ɗin nan. Da gangan aka yi waɗannan hujoji, ta nan iskar da ya fitar take fita, idan ya toshe su zai riƙa sake shaƙar abin da ya fitar. Wannan fitar ba ta cikin yoyon da muke magana a kai, na'urar ResMed ta riga ta cire ta daga lissafi. Takunkumin hanci da baki kuma yana da wani ɗan murfi da yake buɗewa da kansa idan an ɗauke wuta domin mutum ya shaƙi iskar ɗaki, shi ma a tabbata bai maƙale ba.

Direban Tirela, Tumfure:
Ina gaida manya. Ni siminti nake ɗauka daga Ashaka, kuma duk abin da Alhaji ya lissafa ina da shi. Yaron motata ya ce idan ina barci numfashina yana ɗaukewa har ya tsorata, sau da yawa kuma a hanyar Alkaleri sai in ji taya ta taɓa gefen titi kafin in farga. Ba ni da halin gwajin Abuja. Wani ya yi mini tayin na'ura ta hannu, Philips ce, a farashi mai sauƙi. Wasu kuma sun ce in je wanzami ya cire mini beli, minsharin zai tafi. Wanne ya fi?

Likita daga Bauchi:
Ɗan'uwa, abin da ka faɗa game da taya ya fi duk abin da aka tattauna a nan gaggawa. Har sai an duba ka, kada ka yi tuƙin dare, kuma da ka ji idonka ya yi nauyi ka faka ka kwanta, goro da shayi ba sa tare irin wannan barcin. Maganar wanzami ka bar ta. Toshewar tana faruwa ne a bayan harshe da bangon maƙogwaro, cire beli ba ya buɗe wurin, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ko da ƙarar minsharin ta ragu, ɗaukewar numfashin tana nan.

Ka zo asibiti a auna hawan jininka da suga da kaurin wuyanka, a leƙa hanci da maƙogwaro, domin wani lokaci toshewar hanci ko manyan ƙululun maƙogwaro ne suke ƙara matsalar. Akwai gwajin da ake yi a gida da ƙaramar na'ura, ya fi na kwana a asibiti araha, likita zai gaya maka inda ake samu. Game da Philips ɗin, a watan Yunin 2021 kamfanin ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko da System One, saboda soson rage ƙara da yake ciki yana ruɓewa ya shiga hanyar iska, zafi da laima kuma suna hanzarta ruɓewar. Irin waɗannan suna iya yawo a kasuwar kayan hannu. Kada ka biya sai an duba samfurin da lambar jikinta an tabbatar ba ta cikinsu ko an gyara ta, a duba awannin da injin ya yi, sannan takunkumi da tiyo da tanki ka sayi sababbi.

Alhaji na Herwagana:
Allah Ya saka wa Likita. Tawa tambayar ƙarama ce amma ta dame ni. Iyalina biyu ne, kowace da sashenta, kuma ina ɗaukar na'urar daga wannan ɗaki zuwa wancan ranar girki. Shin yawan ɗaukar yana canza saitin?

Dattijo daga Kumo:
Ba ya canzawa, Alhaji, saitin yana nan ko an cire wuta. Ka dai zare tankin ka zubar da ruwan kafin ka ɗaga ta, domin idan ya koma cikin injin an yi asara. Adalci kuma ya hau kanka, kada wata ta samu daren shiru wata ta samu na minshari.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Ina godiya ga kowa. Na samo takunkumin ƙofar hanci da maɗaurin haɓa, na canza sunansa a saiti, na kashe hauhawar farkon dare, na ɗaga laima zuwa 6. Yoyo ya sauko zuwa 11, fuskar allon ta koma kore, matsin da take kaiwa ya sauko zuwa 11.8. Khalifa ya buɗe katin a kwamfuta: AHI 6.2, a ciki tsayawar ɓangaren ƙwaƙwalwa 0.6 ce kawai, sauran toshewa ne da raguwar numfashi, kuma sun taru ne a farkon dare da kuma wajen ƙarfe huɗu. Matsakaicin matsi 9.4. Mun tura wa likitan Abuja, ya ce a mayar da ƙasa 8, sama 14. Baba na Kumo, lambarka ce ta fito. Sabon abin da nake ji shi ne kumburin ciki da gyatsa da safe, da ɗan nauyi wajen fitar da numfashi.

Dattijo daga Kumo:
Alhamdu lillahi. Likita, ka ga dai 8 ɗin ce.

Likita daga Bauchi:
Ita ce, Baba, amma yanzu mun san 0.6 ce a wancan gurbin, da 5 muka gani da wata magana ake yi. Ka lura kuma matsin ya sauko da kansa daga 13.6 da aka toshe yoyo, wato 16 ɗin maƙwabci ta wuce buƙatarsa da nisa. Alhaji, kumburin cikin iska ce kake haɗiya. A saitin akwai EPR, wanda yake rage matsi da lamba 1 zuwa 3 a duk lokacin da kake fitar da numfashi, shi ne maganin nauyin da kake ji, yakan kuma rage haɗiyar iskar. Sai dai ka sani idan ƙasanka 8 ne ka saka shi a 3, lokacin fitarwa kana kan 5 ne, toshewa tana iya dawowa, saboda haka ka tambayi likitanka ko za a fara da 1 ko 2. Ka ɗan ɗaga kan gadon, ka bar tazara tsakanin tuwon dare da kwanciya, ka kuma gwada kwanciya a gefe maimakon rigingine, domin a rigingine harshe ya fi faɗawa baya, na'urar kuma ta fi hawa. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka bar shi kamar mako kafin ka taɓa wani, domin dare ɗaya ba ya nuna kome. Idan tsayawar ɓangaren ƙwaƙwalwa ta haura 5 a awa bayan an kunna EPR, ka kashe shi ka sanar da likitan. Kuma tun da ba mu sani ba ko kana shan maganin hawan jini ko makamancinsa, ka riƙa auna jinin da safe kana rubutawa, ka kai wa mai duba ka, kada ka rage ƙwaya da kanka.

Baban Khalifa, Tudun Wada:
Ina shan na hawan jini, Likita, ƙwaya ɗaya da safe. Zan fara rubutawa daga gobe, in sha Allahu, kuma Khalifa zai tura wa likitan tambayar EPR ɗin yau da dare tare da hoton shafin jiya.